Ranar da Na Kumbura Shanun Surukina

Na manta abubuwa da dama a rayuwa, amma ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na tara dattawan unguwarmu don su ga gwanintata, suka koma gida da naman saniyar surukina.

Shekaru kaɗan ne bayan Nasara sun ci Sakkwato. Ina sabon ango, ina awon hatsi a rumfar mahaifina, kuma sanina da saniya bai wuce nonon da ake dama mini fura da shi ba. Surukina, Malam Mudi, yana da 'yan shanu a fadama wajen Wamakko. Ciyawar wurin ta gaji, nono ya ja baya. Ana cikin haka wani amininsa ya dawo daga Makka ta ƙasa, ya kawo masa tsarabar iri a 'yar jakar fata. Ya ce sunan ciyawar barsim, a bakin kogin Nilu ya ga ana ba dabbobi, kuma ba sai an nome tsohuwar ciyawa ba, a cikinta ake watsa shi.

Malam Mudi ya juya jakar, ya ce, "To, wa za shi iya wanga aiki?"

Bakina ya riga hankalina. "Ni, Baba."

(Gaskiyar magana, so nake ya daina kallona kamar wanda aka bai wa 'ya don tausayi.)

Abin takaicin shi ne aikin ya yi kyau. Da ambaliya ta janye, na sa shanu suka cinye tsohuwar ciyawar har ta yi gajere. Muka ja reshen ƙaya muka karce ƙasa, na gauraya irin da yashi na watsa, shanun suka tattake shi. Kafin sanyi ya yi nisa, wani koren ganye mai kunne uku ya cika tsakanin ciyawar, lif-lif. Kaina ya fara girma. Har a rumfa nakan bar mudu a hannu ina yi wa masu saye bayanin kiwo.

Makiyayin shanun, Baffa Haro, dattijon Bafulatani ne marar yawan magana. Ya murza ganyen a yatsunsa ya ce, "Malam ƙarami, wagga ciyawa ta cika laushi. Kada su shiga da yunwa, kuma a bari raɓa ta bushe."

Na ce, "Baffa, ka taɓa ganin ta kahin bana?"

"Ban taɓa ba. Cikin saniya dai na sani."

Ni kuwa na riga na gayyato dattawa, so nake su ga shanu suna rububin ciyawata. Saboda haka na sa ya tsare su a garke tun azahar ana gobe za su zo, na ce umarnin Malam ne. (Ƙarya nake.)

Tun hantsi bai ɗaga ba muka isa, ni da Malam da abokansa, ina sanye da farar rigar angoncina. Aka saki shanu, suka faɗa wa ganyen da raɓarsa. Dattawa suna ta sa albarka, ni ina ta zuba bayani. Ina tsakiyar magana na ga Baffa Haro ya yar da sandarsa ya ruga.

Fure ce, farar saniyar da Malam ya gada daga mahaifiyarsa. Gefenta na hagu ya tashi kamar ganga, harshe waje, tana nishi. Can ga wata ta durƙusa, ga wata. Na matsa kusa don a ga ina wani abu, daidai lokacin da Baffa ya soka wuƙa a kwiɓin ɗaya daga cikinsu don iska ta fita. Koren kumfa mai wari ya wanke ni daga hula har ƙirji.

Ya ceci biyu. Fure kam ta yi nisa, sai yanka ta aka yi kafin ta zama mushe.

Baffa ya share wuƙarsa, idonsa ya yi ja, ya dubi surukina ya ce, "Malam, da ba ka ce a hana su kiwo jiya ba..."

Malam ya ce, "Ni?"

Duk suka juyo suna kallona, ina tsaye ina ɗiga.

Da Malam ya zage ni, da na ji sauƙi. Sai kawai ya tsuguna, ya daɗe yana shafa wuyan saniyar, sannan ya ce a raba wa jama'a naman. Aka aiko gidana da kasona. Matata Hajaru, wadda da nonon Fure aka yaye ta, ta dafa tana hawaye, ta ajiye a gabana, ta koma ɗaki.

Har Malam ya rasu bai taɓa tayar da zancen ba, bai kuma sake tambayar ra'ayina kan komai ba, ko da farashin gero ne. Tun daga ranar, in aka tambayi wa zai iya, nakan duƙar da kai in ci gaba da awona. In kuma mai shiru-shiru ya yi magana, har mudun nake ajiyewa in saurara.