Ranar da Na Yi wa Bindigar Kawu Wanka

Ba zan taɓa mantawa ba da bikin Hadiza, ɗiyar kawuna, a Anka. Shekarar da na gama jami'a ce, kuma ni mutum ne da ko ruwan leda sai na ɗaga shi a rana kafin in sha. Wanda ya ga abin da gubar dalma ta yi wa yaran ƙauyen Bagega, ina jin bai kamata a ce ya cika tsoro ba (Inna dai tana cewa na cika).

Kawu Ɗanjuma maharbi ne, da kansa yake narka dalma ya yi wa bindigar tokarsa harsashi. Ni kuwa na karanta a waya cewa dalma laushi gare ta, kowane harbi sai ta bar saura manne a bututun bindiga, amma harsashi mai rigar tagulla bai cika yin haka ba. Na kai masa bayanin cikin ladabi.

"Harsashi da riga?" in ji shi. "Ni mai harbin ma riguna biyu gare ni. Tashi ka ba ni wuri, ɗan boko."

A al'adar gidanmu, in an zo ɗaukar amarya, Kawu kan buga bindiga sama, albarushi zalla, don a san ɗiyar maharbi ce. Dangin angon kuma maharban Gummi ne, sun daɗe suna tsokanarsa wai bindigarsa ta tsufa kamar mai ita. Ya rantse sai an ji ƙararta a Gummi.

Ni damuwata daban: kada tsohuwar dalmar bututun ta watsu a kan yara da tukwanen abinci. Kawu na fita ɗaurin aure, na kai bindigar bayan rumbu, na sa takunkumi da safar hannu, na ɗura mata ruwa da garin sabulun Inna, na dirje cikin da tsumma. Bayanta na goge tas. Cikin kuwa, ban tuna ana shanya shi ba.

Da la'asar baƙi suka iso, mata na guɗa. Kawu ya ɗura albarushi, ya gyara tsayuwa, ya ja kunama. Bindiga ta ce "fusss", sannan baƙar kumfa ta gangaro masa har gwiwar hannu.

"Ɗanjuma, mura taka yi?" in ji wani tsohon Gummi. "A dama mata kunu!"

Kawu ya shinshina hannunsa. "Wa yai min wanga aiki?"

Babu wanda ya gan ni. Amma sai na ji hannuna ya ɗaga kansa.

"Kawu, ban tabbata ba, amma mai yiwuwa ni ne."

Da bindigar aro ta mutanen Gummi aka raka Hadiza. Har yau in na je gida, Mai-wanka ake kirana.

Game da dalma, ina kyautata zaton gaskiyata ce. Abin da na koya dai shi ne, kafin ka ceci jama'a ka tambayi mai bindiga. In kuma ka riga ka wanke, to ka shanya.