Rasuwar Mai Shinshina Hayaƙi ta Silin Ɗakin Girkinmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar na'urarmu mai shinshina hayaƙi, wadda Inna ke kira Uwar Tsegumi. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara goma a silin ɗakin girki.

Marigayi Baba ne ya hau kujera ya kafa ta, ina riƙe masa ƙusa. Shi ya nuna mini cewa akwai ɗan haske a cikinta da ɗan ido a gefe. In hayaƙi ya shiga ya watsa hasken, sai idon ya gani, ita kuma ta kwarma ihu. Ba ta taɓa barci a bakin aiki ba. Bayan kowane minti sai ta ƙyafta jan idonta, alamar ta duba kanta, lafiya lau.

Tun da mantuwa ta kama Inna, ita ce mai gadinta in na tafi aiki gidan wanki. Sau biyu Inna tana ɗora mai a wuta ta koma ɗaki. Sau biyun marigayiya ta yi ta "fiii, fiii, fiii" har maƙwabciyarmu ta shigo da gudu, kanta ba ɗankwali.

Ba ta ɓoye ciwonta ba. In batir ne, "ƙit" ɗaya take yi, mu canza mata. A watan jiya sai ta koma "ƙit-ƙit". Na san ma'anarsa, don Baba ya faɗa mini: ƙura ta cika mata ido, ba ta gani sosai. Yaya ya ce mita ce kawai irin ta tsofaffi, ya miƙa hannu ya sa mata safa a ka. Ina tsaye a wurin. Maganar ta zo mini har bakina, kunya ta mayar da ita. Kwana tara tana kiranmu ta cikin safa. Ranar Talata na danna maɓallinta na gwaji, shiru. Mai gyaran lantarki da na kira ya ce da ma kwananta sun kusa ƙarewa, amma da an share ta, da ta yi bankwana da mutunci.

Ta rasu ta bar Inna, wadda har yau take ɗaga kai ta yi mata sannu, da murhun gas, da ramukan ƙusa biyu, da ni.

Za a sauke ta ranar Asabar da safe. Ba za ta shiga kwandon shara ba, mai gyara zai kai ta inda ake tara matattun kayan lantarki. Masu zuwa gaisuwa kada su kawo komai. Kowa ya danna maɓallin tasa na'urar kafin ya fito.

A ranar ne za a kafa magajiyarta. Kafin nan na ce wa Yaya, da ƙarfi, a gaban kowa, shi zai zauna da Inna duk lokacin da ba na nan. Ya ce bai san ina da murya ba. A wurin marigayiya na koya, sai dai na makara da kwana tara.