Cindo da Ruwan Tashi-Tsaye

A ƙauyen Kwarin Goba, can bakin fadama, an yi wani mutum ana ce masa Cindo. Ƙato ne, ga ƙarfi ga kirki, ba ya ƙarya, ba ya ƙyuya. Aibinsa ɗaya: yadda magana ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta, ba ya juya ta ya duba bayanta. Su biyu ne a gidansa, shi da matarsa Lantana, sai tunkiya ɗaya da 'yan kaji. Lantana ta yi suna da wani abin sha da take haɗawa da zoɓo da abarba da kankana da citta da dabino da zuma, ta jefa masa ƙanƙara. Manoma suka raɗa masa suna Tashi-Tsaye, don in gajiya ta kwantar da mutum ya sha kofi guda, sai ka ga ya miƙe yana neman laujensa.

A shekarar nan shinkafarsu ta yi kyau. Sai aka yi shela cewa nan da mako biyu za a saki ruwan dam, duk wanda bai yanke tasa ba ruwa zai yanke masa. Cindo ya kira gayya. Barau, sarkin gayya, ya ce, "Za mu zo mu talatin, amma ka san abin da ke kawo mu gonarka. In babu Tashi-Tsaye, rana na take tsaka kowa zai kama gabansa." Kwana biyu da yin haka Lantana ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙafa. Aka yi mata ɗori, aka ce kada ta taka ƙasa sai bayan wata guda.

Ta zauna a kan gado tana hawaye. "Maigida, abincin shekara ne fa a fadamar nan. Ka kira mini Asabe maƙwabciyarmu in koya mata."

Cindo ya bugi ƙirji. "Ina raye wani zai haɗa Tashi-Tsayen gidana? Ke dai faɗa mini daga nan, ni kuma in yi a tsakar gida. Ko sau ɗari zan ɓata, sai na iya."

Wata rana da hantsi Lantana ta yi magana ta taga. "Maigida, ka wanke zoɓon ka zuba a tukunya da ruwa, ka ɗan ba shi tsoro." Ita tana nufin a ɗora a wuta ya ɗan tafasa sau ɗaya a sauke, kamar yadda mata ke faɗa. Cindo ya wanke, ya zuba, ya rufe. Ya shafa baƙin tukunya a fuska, ya yafa tsohon buhu, ya ɗauki taɓarya ya laɓe bayan rumbu. Can ya yi tsalle ya dira gaban tukunya, ya ɗaga murfi ya daka tsawa. Kaji suka tashi sama, tunkiya ta tsinke igiya ta bi ta ƙofa. Sau bakwai yana yi, sannan ya zo bakin taga yana haki.

"Lantana, zoɓon nan namiji ne. Ko gezau bai yi ba. Amma ya fara ja, ina jin ransa ya ɓaci."

Ta dubi fuskarsa, ta yi salati, ta ce ya je ya kamo tunkiya tukuna.

Wata rana kuma, bayan ya iya tafasa zoɓo, ta ce, "Yau sai ka tabbata ya ji citta sosai, ita ce ke tada mutum." Cindo ya jawo kujera ya zauna gaban bokitin zoɓon, ya kai bakinsa daf da ruwan. "Citta," ya ce a hankali. Shiru. "Citta! Citta!" Har azahar yana yi, muryarsa ta dushe. Asabe ta leƙo ta katanga ta ce, "Malam Cindo, in citta kake nema ina da ita, ba sai ka tara mana jama'a ba."

"Muna da ita cike da kwano," in ji shi. "So nake ya ji. Ina zaton kurma ne."

Wata rana aka dace komai ya tafi daidai. Ya fere abarba, ya cire 'ya'yan kankana, ya jiƙa dabino ya daka, ya tace da kyalle mai tsabta. Ya kai wa Lantana a ludayi, ta kurɓa, ta gyaɗa kai. "Ka kusa. Amma da sauran zafi. Ka bar shi ya sha iska kafin la'asar." Cindo ya yi murna. Ya sa riga mai kyau, ya ɗaure bokitin a bayan keke, ya hau. Ya kai shi kasuwa, ya nuna masa masallacin Juma'a, ya zaga da shi filin ƙwallo, ya gangara har bakin gada inda iska ta fi kaɗawa. Duk ramin da keke ya faɗa sai zoɓo ya yi tsalle ya wanke masa baya. Wani mai facin taya da ya hango shi daga nesa, riga ja wur, ya yar da kayan aiki ya rugo yana ihun an sari Cindo. Kafin a gane gaskiya mutum goma sun fito da sanduna. Ya iso gida da abin da bai kai kofi biyu ba a gindin bokiti.

"Ya sha iska har ya ƙoshi," ya ce. "Sai dai yawancinsa ya sauka a hanya, bai biyo ni gida ba."

Lantana ta juya fuska bango. Da ta juyo ta ce, "Maigida, saura kwana shida. Don Allah ka bari a kira Asabe."

"Jiya na fi shekaranjiya, yau na fi jiya," in ji Cindo. Ya ɗauki buhu ya nufi lambu neman wata kankanar.

Wata rana yana wucewa ya ji samari a shagon Ila mai cajin waya suna hira. Ɗaya ya ce, "Ai Tashi-Tsayen Lantana caji ne da shi. Kana sha za ka ji batirinka ya cika." Cindo ya tsaya cik. Ashe akwai sirrin da matarsa ta manta ba ta faɗa masa ba! Ya koma gida ya ɗuro gora biyu, ya dire a kan teburin Ila tsakanin wayoyin mutane.

"Ka sa mini su, sai sun cika zan dawo."

Ila ya dube shi, ya dubi gora. "Malam Cindo, ta ina zan soka?"

"Kai ne mai sana'a. Ni ina tambayarka ta ina ake yankan shinkafa?"

Da ƙyar Ila ya lallashe shi, ya ce irin wannan cajin a cikin dabino da zuma yake, tun daga bishiya aka sa shi. Cindo ya gamsu, ya yi godiya, ya kwashi gorunansa.

Wata rana, saura kwana biyu, ta aike shi garin da ke gaba ya sayo ƙanƙara don gwaji. "Kada ka bari rana ta gan ta," ta ce. Ya isa da sassafe ya saya. Da zai fito sai ya ga rana ta riga shi tsayawa a ƙofa. Ya cusa ledar cikin riga, ya koma rumfa ya zauna yana jira ta wuce. Bai motsa ba sai da aka kira magariba. Ya iso gida wando jiƙe, yana atishawa, ya miƙa wa Lantana ledar ruwa mai ɗumi. "Rantsuwa zan yi, ba su haɗa ido ba ko sau ɗaya." Ta yi dariya har ƙafar ta motsa ta koma kuka. Sannan ta yi masa bayanin yadda ake ɗauko ƙanƙara dalla-dalla, buhu biyu da ɓuntun shinkafa da gudu a kan keke, kuma ta sa ya maimaita sau uku.

Wata rana, ita ce ranar gayya, Cindo ya tashi tun asuba ya cika duro guda. Ya yi ja, ya yi ƙamshi, ƙanƙara tana yawo a sama. Lantana ta ɗanɗana ta ce ko ita iyakar abin da za ta yi ke nan. Amma hankalinta bai kwanta ba.

"Maigida, duk gari an ji labarin keke da na shagon Ila. Mutanen nan za su ji tsoron sha. In sun tambaye ka abin da ke ciki, ka faɗa musu, ka ɗan ƙara gishiri don su sha da marmari."

Nufinta ya zuzuta abin da baki. Cindo ya ce to, ya ƙulla gishiri a leda ya jefa aljihu, ya ɗora duro a amalanke.

Rana ta buɗe tun hantsi, zafi kamar ana gashi. Mutum talatin suka duƙa, gumi na ɗiga daga haɓa. Kafin azahar lauje ya fara nauyi, ga rabin gona ko taɓawa ba a yi ba. Suka taru gindin mangwaro suna kallon duron, ba wanda ya miƙa hannu.

Barau ya ce, "Cindo, tsakaninka da Allah, me da me ke ciki?"

Cindo ya lissafa tun daga zoɓo har zuma. Yana gamawa ya ciro ledarsa, ya cika tafin hannu, ya watsa a duro ya juya da muciya.

"Kai! Me ka zuba?"

"Gishiri. Haka aka ce in yi in kun tambaya."

Wasu suka fara kaɗe huluna za su tafi. Barau dai ƙishi ya ci ƙarfinsa, ya ɗiba ya kurɓa yana yamutsa fuska. Ya tsaya. Ya sake kurɓa. Sai ya kafa kai ya shanye, ya miƙa kofi a ƙara. Gishirin bai fito ba, sai ma ya fito da zaƙin abarba. Nan da nan aka yi wa duro caa.

Suka koma gona da waƙa. A gonar da ke maƙwabtaka, inda su ma ake gayya da ruwan randa, mutum uku suka kwanta jijiyar ƙafa ta ɗaure, har aka kira Malam Zubairu na asibitin ƙauye. A gonar Cindo kuwa ba wanda ya zauna. Kafin rana ta faɗi an ɗaure dami na ƙarshe an hau da shi tudu.

Malam Zubairu ya biyo ta wurin, ya ga mutane suna tsalle da lauje bayan yini guda, ya tambaya aka ba shi labari. Ya karkata duro ya ɗanɗana ɗan abin da ya rage.

"Ai gumi ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba, har da gishirin jiki," ya ce. "Wanda ya yini yana zufa, ɗan gishiri kaɗan cikin abu mai zaƙi shi ke mayar masa da abin da ya rasa. Wa ya koya maka wannan?"

"Lantana."

Da aka kai mata labari a kan gado, ta buɗe baki za ta ce ba haka take nufi ba. Sai ta hango damman shinkafa ta taga ana shigowa da su ɗaya bayan ɗaya, ta rufe bakinta.

Barau ya dafa kafaɗar Cindo a gaban jama'a ya ce, "Mun daɗe muna yi maka dariya. Ashe kana da kai!"

Cindo ya ɗaga hula ya shafa, ya dube shi da mamaki.

"Haba Barau, shekara nawa muna tare, sai yau ka gan shi?"

Iyakar abin da na ji ke nan, ban ƙara ko ƙwayar gishiri ba.