Shuɗiyar Safar Ƙwararre

Ranar wata Talata, ƙarfe tara da kwata na safe, Ƙwararre ya dafa sabuwar na'urar ɗakin gwajinmu na mayanka, ya ce, "Daga yau duk tsutsar da ta ɓuya a nama, sai na tono ta har kakanta!"

Mu muka laƙaba masa sunan don tsiya, shi kuwa ya ɗauka yabo ne.

Na'urar nan, abokina, ƙwayar halittar tsutsa take bi. Ko ɓurɓushi ta samu, sai ta yi ta ninka shi har ya bayyana. Shi ya sa ake sauya safar hannu bayan kowane gwaji. Gogan naka kuwa ya dawo daga horo da wata shuɗiya, ya rantse ba mai raba shi da ita. Da ita ya buɗe kwalbar tsutsar da ake auna lafiyar na'urar da ita, da safar dai kuma ya yanki naman shanu goma na surukinsa, babban mahaucinmu.

Duka goman suka nuna tsutsa.

"A ƙone!" in ji Ƙwararre.

"Yaro, sake dubawa," in ji surukin. "Abincin gidana ke nan."

"Baba, ilimi bai san suruki ba."

Likita, shugabar ɗakin, ta leƙo. "Kwalbar ruwa zalla da ake gwadawa tare da naman fa, me ta nuna?"

"Tsutsa, ranki ya daɗe! Ruwan ma ya kamu. A rufe famfo!"

"To, gwada shayinka."

Tsutsa. Hularsa, tsutsa. Ya lakato yawunsa ya gwada, tsutsa! Ya zube a kujera.

"Na shiga uku! Baba, ga amanar 'ya'yana."

Likita ta zare masa safar, ta sa sabuwa, ta sake gwajin da kanta. Zuwa yamma naman ya fito tas.

Surukin ya gyara tsayuwa, ya dubi Ƙwararre. "Likita, na ji an ce abin da ya nuna tsutsa ƙone shi ake yi. Wa ke da ashana?"

Yawancin waɗanda suka yi dariyar ran nan sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Amma ina tune da waɗanda suka rage bayan an watse: ni da tsintsiyata, na'ura, shuɗiyar safa cikin kwandon shara, da Ƙwararre, nama ɗaya tak da Likita ta ƙi sake gwadawa.