Farfesa da Injin Doki Ɗari Shida

Duk wanda zai lissafa masana mota a yammacin Oklahoma dole ya fara da Royce Tuttle, idan kuwa ya manta, Royce da kansa zai tuna masa. Katifa yake sayarwa a babban titin garinmu, amma wannan neman abinci ne kawai. Ainihin baiwar da Allah ya yi masa ita ce sanin inji. Bai taɓa riƙe sifana har ta ɓata masa farce ba, domin ilimi irin nasa ya wuce a taɓa baƙin mai. Shi ne shugaban ƙungiyar masu tsofaffin motoci, mai mambobi tara, kuma ya sa an rubuta SHUGABA a bayan rigarsa saboda masu zuwa daga baya su ma su amfana. A shagon Opal, inda dattawa ke shan kofi da safe, Farfesa ake kiransa. Ya karɓi sunan hannu bibbiyu, bai taɓa tambayar dalilin da ya sa ake ƙunshe dariya ba.

Motar da ta ba shi wannan matsayi ma ba tasa ba ce. Ta matarsa Lorene ce, gadon mahaifinta: ƙirar 1969, ja wur, ƙofa biyu, doguwar gaba da faffaɗan ƙirji. A cikinta tsohon ya koya wa Lorene tuƙi. Injinta mai silinda takwas ya haura shekara hamsin yana aiki ba tari ba atishawa, kuma kowace shekara ita ke jan faretin ranar 'yancin kai, Lorene a gaba tana ɗaga wa jama'a hannu.

Sai wani likitan haƙori, Dokta Vance, ya tare a garin da tasa tsohuwar motar. Ranar da ya tayar da ita a ƙofar shagon Opal, ƙarar injinta ta sa cokula suka yi rawa a kan tebur, dattawa suka fito kallo da kofunansu a hannu. Farfesa, mutumin da ke da katifa sittin a shago, ya yi mako guda barci bai ɗauke shi ba.

Da ya gama nazari sai ya tara ƙungiya. Ya gyara zaman hularsa hana-sallah, ya ce, "'Yan'uwa, mota ba fenti ba ce, ba kujera ba ce. Mota zuciya ce. Ni kuwa na duba na ga zuciyar motar gidana ta yi mini kaɗan. Zan sa mata inji mai ƙarfin doki ɗari shida. Wanda bai gane ba kada ya damu, ba kowa aka halitta don ya gane ba."

Injin ya iso cikin akwatin katako, girmansa ya kai firij. Aka kai shi garejin Merle Oakes, tsohon bakanike da ya shekara arba'in a ƙarƙashin motoci. Merle ya zagaya injin, ya zagaya motar, ya goge hannu da tsumma.

"Royce, abokina, wannan ai sai an sauya lagireto mai sanyaya inji. Da birki. Farfelar da ke kai ƙarfi tayoyin baya ma ba za ta ɗauka ba, tsinkewa za ta yi."

"Merle, kai aikinka ɗaure noti. Lissafi ka bar wa masu shi. Lagireto wa yake gani? Farfela wa yake ji? Abin da jama'a za su gani su ji, shi za a yi."

Aka yi abin da jama'a za su gani. Injin ya ƙi shiga, aka daddaki bodi da guduma har ya shiga. Da ya shiga bonet ya ƙi rufuwa, Farfesa ya ba da umarni a yanke tsakiyarsa, kafireto ya leƙo waje kamar kan kunkuru. Nauyi ya danne gaban motar, bayanta ya ɗaga sama, ta koma kamar akuya mai shan ruwa a rafi. Farfesa ya bayyana cewa haka motocin tsere suke tsayawa, alamar shiri ce.

Lorene ta zo ta ga ramin da aka yi a bonet ɗin da mahaifinta ke gogewa kowace Lahadi bayan coci. Ta shafa gefen yankan da yatsa, ta ce, "Royce, ka tambaye ni?"

"Uwargida, wa yake tambayar mara lafiya kafin a ba shi magani? Ranar fareti za ki gode mini."

Ranar fareti ta zo da rana mai narka kwalta. Mutane sun jeru a bakin titi kan kujerun naɗewa, yara da tutoci, hayaƙin gashin nama ya cika gari. Motar Lorene ce a gaba, bayanta 'yan matan makaranta masu ganguna da ƙaho, sai Dokta Vance, sai motar kashe gobara, sai taraktoci. Farfesa ya murɗa makulli. Gaskiya a faɗe ta: ƙarar ta yi ƙara. Karnuka suka shige ƙarƙashin kujeru, wata tsohuwa ta cire na'urar jinta ta sa a jaka. Farfesa ya waiwaya ya yi wa Dokta Vance murmushin tausayi.

Abu ɗaya ne lissafin bai hango ba. Fareti tafiyar ƙafa ake yi. Dawakai ɗari shida suna jan jiki kamar masu rakiyar gawa, iska ba ta shiga, ƙaramin lagireto yana ta fama. Kafin a kai gidan waya allurar zafi ta kwanta a ja. Lorene ta nuna masa.

"Wannan allurar tsohon yayi ce," in ji Farfesa, "ba ta saba ganin ƙarfi irin wannan ba."

Daidai gaban rumfar da magajin gari da baƙi suke zaune, tururi ya fara fita ta ramin bonet. Ƙaramin mutum da sai ya kashe mota. Farfesa ba ƙaramin mutum ba ne. Ya ga idon gari duka a kansa, ya ɗaga hula, ya taka totur har ƙasa.

Motar ta yi ruri, ta zabura taku biyu, sai aka ji ƙau! Farfela ta tsinke, ta faɗo kan kwalta, ta gangara ƙwalam-ƙwalam har gaban takalmin magajin gari. Lagireto ya fashe, koren ruwa ya malale titi. Injin ya yi tari sau biyu ya yi shiru.

'Yan matan makaranta ba su fasa kiɗa ba, suka rabu biyu suka zagaye motar suka wuce. Dokta Vance ya wuce a hankali, har da ɗaga hannu. Lorene ta buɗe ƙofa, ta gyara siket, ta tsayar da motar kashe gobara ta hau, ta ci gaba da ɗaga wa jama'a hannu, aka yi mata tafin da ba a taɓa yi mata ba. Kafin su yi nisa ta juyo ta ce, "Injin Baba ya koma inda yake kafin ƙarshen wata, Royce, ko kuwa ka zaɓi katifa ɗaya a shago ka riƙa kwana can."

Farfesa ya tsaya yana yi wa duk wanda ya kusanto bayani cewa titunan garin nan ba a gina su don irin wannan ƙarfi ba. Yana cikin haka 'yar sanda Tamika Birdsong ta iso da littafinta, ta fara rubutu.

"Takardar me ce wannan, 'yata?"

"Tare hanya, Mista Tuttle. Ka ajiye mota a tsakiyar titi."

Farfesa ya duba hagu, ya duba dama, ya rage murya. "Tunda rubutawa za ki yi, ki taimaka ki sa gudun wuce ƙa'ida mana."

Tamika ta yage takardar ta miƙa masa. "Yallaɓai, da me zan kare kaina a gaban alƙali? Mai ɗauke da babbar ganga ma da ƙafa ta wuce ka."