Rasuwar Hajiya, Kwamfutar Malam Zainulabideen

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, Malam Zainulabideen, tsohon hedimastan wata firamare a bayan Wagini, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa ta cinya, wadda ɗalibai suka laƙaba wa Hajiya saboda ba ta tashi sai ta ga dama. Ta cika ranar Talata bayan azahar, a ɗakin haya a Batsari, bayan doguwar jinyar zafin jiki.

Marigayiya mai riƙon amana ce. Shekarar da 'yan bindiga suka tashi garin da makarantar take, ita ta riƙe rajistar makaranta: yara ɗari da arba'in da uku, kowa da hotonsa da sunan mahaifinsa. Duk wanda Malam ya gano inda gudu ya kai shi, Safana ko Katsina ko ƙetaren iyaka, sai ya rubuta a gefen sunan. Da wannan yake bin su ɗaya bayan ɗaya yana mayar da su aji.

Ƙauna ce ta jawo mata ciwon. Uwargida Asama'u, don kada a ɗauke ta, ta cusa ta cikin buhun gero, ta yi wata biyar a ciki. Ɓarayi ba su same ta ba, amma ƙaiƙayi ya same ta. Tun daga nan numfashinta ya sauya daga "fuuu" zuwa "ƙirr, ƙirr", cinya ba ta iya ɗaukarta. Ba irin jinyar da ba a yi ba. An raba ta da katifa, an ɗora ta kan murafan kwalba huɗu don iska ta ratsa ƙasanta, an matsar da ita gindin randa. Babban malami guda ya wuni yana yi mata fifita kamar amarya. Sai da Daudu mai gyara ya buɗe ta aka ga fankarta a toshe, ma'ajiyarta ta riga ta ƙone. Malam ya sha cewa gobe zai kwafe rajistar a filas na adana bayanai, kuma wannan goben ce take cin ransa.

Ta rasu ta bar caja mai naɗin salatif, da jaka, da mafici. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su ta da zancen gero a gaban Asama'u.

Gawa tana shagon Daudu, za a raba kayan jikinta ga mabuƙata. Zaman makoki ranar kasuwar Batsari, a ƙofar gidan Malam. Kada kowa ya zo da goro. Wanda ya san inda wani yaron makarantar yake, ya zo da sunansa. Malam ya sayi sabon littafi yana rubuta su da ka, kwana uku ke nan ya tsaya a kan sittin da ɗaya.