Farar Mota da Azarar Inna

Ba zan taɓa mantawa da ranar kasuwar Tibiri ɗin nan ba, ko da yake na shekara fiye da talatin ina roƙon Allah ya mantar da ni. Lokacin Anasara na nan, kumandan na zaune a Dogon Dutsi, ni kuma ina ganiyar ƙarfina. Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya uku, na kama fataucin gyaɗa da gishiri har na tara shanu. Bakina kuwa, ko maza kauce masa suke yi. (Har yau bai mutu ba, haƙora ne kawai suka ragu.)

Daminar da ta wuce ta karya rufin soron Innarmu a Matankari. Tsohuwa ta koma kwana a bukkar kara, tana tari. Na tsaya gaban dangi na bugi ƙirji na ce kafin ruwan fari zan rufa mata soro da azarar giginya ta kudu, kuma a motata za a kawo ta. Alhali ko keke ba ni da shi.

Sai ga wani Anasara mai awon gyaɗa zai koma gida, ya sa ƙananan motocinsa biyu masu buɗaɗɗen baya a kasuwa. Na sayar da shanuna, na ja ƙanena Arzika muka je. Arzika tsohon soja ne, can ya koyi tuƙi har ya samo farmi, wato lasin tuƙi. Mutum ne marar magana, sai ka yi masa tambaya uku ya amsa ɗaya.

Mota ta farko fara ce sumul, kujerarta kamar gadon amarya, hon ɗinta kamar algaita. Ta biyun ragowar yaƙi ce, launin kashin shanu, ba ƙofa, ga wata igiyar ƙarfe naɗe a hancinta. Arzika ko kallon farar bai yi ba. Ya kwanta ƙarƙashin mummunar, ya daɗe, ya fito da baƙin mai a goshi.

"Yaya, wagga za mu ɗauka."

"Don mi?"

"Ƙafafunta huɗu duk suna ja. Waccan biyu na baya kaɗai ke aiki. Hanyar Yamai aka yi ta dominta, ba yashin Dallol ba. Kuma kin ce za mu ja amalanken azara."

Na ƙirga ƙafafun farar da yatsana, huɗu cif. Ni ɗiyar dillalin shanu ce, tun ina yarinya na san saniya mai sheƙin fata ita ce lafiyayya, mai ƙirci kuwa ba a kai ta gida. Da wannan ilimin na zo sayen mota. Amma in faɗi gaskiya, ba shi ne ya rinjaye ni ba. Na riga na hango kaina a kujerar gaba, gilashi a sauke, matan Matankari na leƙe ta kan darni.

"Ni za ka ɗora a kan wagga jaka mai ƙazwa?" na ce, da ƙarfi, a gaban Anasara da masu gadinsa. "Sojan da ka yi bai koya maka komi ba sai son tsummoki. Da kuɗinka za a saya?"

Ya goge goshinsa da hula. "A'a, Yaya. Naki ne."

Amma bai tuƙa farar ba. Mummunar, wani mai fataucin goro, Malam Noma, ya saye ta da araha, ya ɗauki Arzika shofer, ya riƙa tuƙa masa ita. Ni kuma na samo wani ɗan gaye daga Yamai mai baƙin tabarau, wanda ke ce mini "Madam" sau goma kafin ya tada mota. Wannan "Madam" ɗin ita ta ɗauke shi aiki.

Zuwa kudu lafiya lau, don mota ba kaya. Muka lafta azara a bayanta, muka ƙulla amalanken ƙarfe muka lafta masa shi ma. Na sa an lissafa tafiyar don mu ratsa Tibiri ranar kasuwa. (Eh, da gangan. Har na sa zanena na saƙi da awarwaron azurfa tun daga dajin giginya.) Na ce wa ɗan Yamai in mun matso ya danna hon kar ya ɗaga hannu.

Ya danna kuwa. Kasuwa ta juyo gaba ɗaya, masu rumfa suka miƙe, Fulani masu tallar nono suka sauke ƙore. Daidai nan, inda hanya ke gangarawa cikin yashi, farar ta yi wani nishi ta tsaya. Ɗan Yamai ya taka, ƙafafun baya suka yi ta haƙa rami suna watsa wa mutane yashi, na gaba kuwa suna tsaye kamar baƙi a gidan biki. Kafin a jima ta zauna da cikinta. Majiya ƙarfi ashirin suka tura, ko motsi. Wata tsohuwa mai daddawa ta leƙo ta tagata ta ce, "Ɗiyata, in kwana za ku yi nan, in kawo tabarma?"

Rana ta take, zufa ta jiƙa zanen saƙi, na ƙi sauka. Ɗan Yamai ya cire tabarau, ya daina cewa Madam.

Can sai ga ƙara daga kudu. Mummunar ce, da huhunan goro har sama, tana ratsa yashin nan kamar raƙumi. Ta tsaya gabanmu. Arzika ya sauko, ya gaishe ni kamar mun rabu da safe, ya zaga motata, sannan ya durƙusa gindin tayar baya. Sai na ji "fuuu". Iska yake sacewa.

Jama'a, nan ne na kashe kaina. Na buɗe ƙofa na diro, na finciko wuyan rigarsa, na ɗaga murya yadda har mahauta suka ji.

"Ku zo ku gani! Ɗan'uwana ciki ɗaya! Hassada ta sa ya zo ya fasa mini mota don na ƙi tasa! Iskar da na saya da shanuna ita kake zubarwa?"

Sai wani dattijo mai jakai ya fara dariya, ta bi kasuwa kamar wutar kara. Ashe duk wanda ke zaune a bakin hanyar nan ya san sai an rage wa taya iska take hawa yashi. Har mai daddawa ta sani. Ni kaɗai, mai motar, ban sani ba.

Arzika bai cire hannuna daga rigarsa ba. A hankali ya ce, yadda ni kaɗai zan ji, "Yaya, a yashi mai taurin ciki shi ke nutsewa."

Ya gama da tayoyin, ya kwance amalanken ya ƙulla a bayan mummunar, ya warware igiyar ƙarfen nan da na raina ya ɗaura wa farar a hanci. Haka aka jawo ni daga ramin. Amalanken kuma, motar Malam Noma ce ta kai shi har ƙofar Inna, ni ina biye cikin ƙurarta. Matan Matankari sun leƙo ta kan darni kamar yadda na yi fata. Guɗar dai Arzika aka yi wa.

An rufa soro kwana tara kafin ruwan fari. Inna ta kwana a ɗakinta, ta kira ni ta ce, "Je ki ba ƙanenki haƙuri." Na ce to. Na ce gobe. Na ce bari maganar ta kwanta tukuna, babba ba ya durƙusa wa ƙarami da zafi-zafi. Da kaka ta yi, Arzika ya bi motar goro zuwa Kumasi, ya zauna can. Farar kuwa ta ƙare a bayan gidana, kaji na ƙwai a kujerar amarya.

Bayan Anasara sun tafi aka buɗe makarantar manya, na shiga da furfurata. Malaminmu, da muke ce wa Mushe, ya tambaye ni mi ya kawo ni, na ce wasiƙa nake so in rubuta wadda ba na son kowa ya rubuta mini. Wata bakwai na yi kafin in iya. Layi uku ce, ta ba Arzika haƙuri. Na ba masu goro suka tafi da ita, suka dawo mini da ita ba a buɗe ba. Sun ce an yi sadakar arba'in ɗinsa tun kafin su isa.

Yanzu jikokina in za su sayi mota sukan zo su ce, "Kaka, wace za mu ɗauka?" don su ji bakina. Nakan ce ban sani ba, su tambayi wanda ya shiga ƙarƙashinta. In kuma sun zage shi, kar su jira sai sun iya rubutu.